Darasin Lafiya: Baƙon Sauro da Masu Lissafin Inda Zai Yada Zango

 

Darasin wannan wata tambayar wani dattijo ce ta haife shi. Bayan ruwan da aka yi a watan Afrilu na 2024, ya zo kantin magani neman abin shafawa don ƙaiƙayi, ya ɗaga hannun rigarsa ya nuna mana cizo har gwiwar hannu. Sai ya ce, "Ɗana, ƙasar da ba rafi ba fadama, sauro daga ina?" Mun ba shi gajeriyar amsa a ranar saboda layi. Doguwar ce muka kawo yau, kuma za ku ga ta kai mu har Nima.

Kowa ya tuna ranar Talata, 16 ga Afrilu. Hukumomi sun ce ba a ga ruwa irinsa ba cikin shekara 75 da aka yi ana rubuta awon ruwan sama a ƙasar nan, kuma a wani wuri kusa da Al Ain an auna fiye da milimita 250 cikin ƙasa da kwana ɗaya. Manyan tituna sun bushe da wuri. Amma mu da ke aiki tsakanin sito-sito da gareji-gareji na Al Quoz mun ga ruwa kwance a bayan gine-gine, a cikin tsofaffin tayoyi, a kan tamfol da aka rufe kaya, makonni bayan an manta da zancen. Daga baya aka ji zazzaɓin dengi ya ƙaru, musamman a masaukan ma'aikata.

A nan sai a rarrabe. Sauron dengi sunansa Edis: baƙi ne mai ratsin fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma gab da magariba. Maleriya kuwa sauron Anofilis ne ke ɗaukar ta, shi da dare yake aikinsa. Tun shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ba a yaɗa maleriya a cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wanda ya kwanta da maleriya a Dubai, daga tafiya ya kawo ta.

To amma akwai wani jinsin Anofilis da asalinsa na wannan yanki ne, wato Indiya, Pakistan, Iran da tsibirin Larabawa. Masana na kiransa Anofilis stefensi. Shi ne ya tsallaka Bahar Maliya. A 2012 aka fara ganinsa a Jibuti. A 2016 Habasha da Sudan, a 2019 Somaliya, a 2020 jihar Gombe a Najeriya, a 2022 Kenya. A wannan shekarar ta 2022 ne kuma masu bincike na Jami'ar Gana suka ɗebo tsutsar sauro a unguwannin Akra, da suka gwada sai suka same shi a Tuba, Dansoman da Nima. Ƙwaya kaɗan ne aka samu, kada a firgita. Amma ku ji abin da ya faru a Jibuti: a 2012 mutum 27 kawai aka rubuta sun kamu da maleriya a duk ƙasar, har ana shirin bikin gamawa da ita. Zuwa 2020 adadin ya wuce 73,000, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da kaɗan ba.

Me ya bambanta shi da sauron da muka sani? Tsohon sauron maleriya na Afirka ta Yamma ɗan ƙauye ne. Kududdufin damina yake so, da sawun kofato mai ruwa, da gefen gonar shinkafa. Idan rani ya yi, sai ya ragu. Mun tashi a kantin maganin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, kuma ko bai duba kalanda ba ya san watan da ake ciki daga abin da ke ƙarewa a kanta: damina maganin zazzaɓi, hunturu maganin tari da man kaɗanya. Wannan baƙon ba ruwansa da kalandar mahaifinmu. Ɗan birni ne. Tankin siminti, duro, rijiya, tankin da ke kan rufi, ramin ruwan magina, duk gidansa ne, kuma waɗannan da rani suka fi cika, domin lokacin ne famfo ke yankewa kowa ke tara ruwa. A birnin Dire Dawa na Habasha an rubuta mutum 205 a duk shekarar 2019. A watanni biyar na farkon 2022, cikin rani, an rubuta fiye da 2,400.

Yana da wata ɗabi'a kuma da ta shafe mu 'yan zango kai tsaye. Yana son jinin dabbobi, yana kuma kwana a garken awaki da shanu. Feshin da ake yi a bangon ɗakin kwana ba ya samunsa a can. Gidan da ake kiwon ragon layya a lungu kusa da duron ruwa ya haɗa masa abinci, makwanci da wurin haihuwa a tsakar gida guda.

Yanzu ga ainihin darasin. Afirka tana da faɗi, masu farautar sauro kaɗan ne, kuɗin aikin ya fi su ƙaranci. Ba za a iya leƙa kowane duro daga Jibuti zuwa Dakar ba. Dole a san inda za a fara dubawa. Wannan ne aikin masu lissafin hasashe.

Dattawanmu sun san yadda kalmar zango ta samo asali. Fataken goro da ke tafiya tsakanin Kano da Salaga ba ko'ina suke sauka ba. Madugu yana neman wuri mai ruwa, mai ciyawar jakuna, mai kasuwa kusa, wanda tafiyar yini guda za ta kai. Wanda ya san zango ashirin da ayari ya taɓa sauka, idan aka kai shi hanyar da bai taɓa bi ba, zai iya nuna wuri ya ce, "Nan za su sauka." Ba duba ya yi ba, kamanni ya gani.

Haka masu binciken ke yi, sai dai da kwamfuta. Suna tattara duk wuraren da aka taɓa kama wannan sauro a Indiya, Iran, ƙasashen Larabawa da Gabashin Afirka, su sa ɗigo a taswira. Kowane ɗigo sai su tambayi halin wurinsa: zafinsa a shekara nawa ne, ruwan sama yaushe yake sauka, ƙasar da danshi ko busasshiya ce, akwai tsirrai ko babu, mutum nawa ke zaune a kowace murabba'in kilomita. Yawancin waɗannan bayanai daga hotunan tauraron ɗan'adam ake samunsu. Sai kwamfuta ta kwatanta wuraren da aka sami sauron da sauran wuraren yankin, ta fitar da abin da suka yi tarayya a kai. Kafin a yarda da ita, ana ɓoye mata wasu ɗigogin, a ga ko za ta gano su da kanta, kamar yadda malam ke rufe allo ya ce wa almajiri ya kawo hadda. Idan ta ci jarrabawar, sai a shimfiɗa mata taswirar Afirka a ce ta shafa launi a duk inda ya yi kama.

A 2020 Dakta Marianne Sinka ta Jami'ar Oxford da abokan aikinta suka wallafa irin wannan taswira. Cikin biranen Afirka 68 masu mutane fiye da miliyan ɗaya, sun sami 44 da suka dace da zaman wannan sauro ƙwarai. Suka ƙiyasta cewa mutum miliyan 126 mazauna birane na iya shiga sabon haɗarin maleriya idan ya bazu ba a tare shi ba. Ku lura da kalmar "idan". Taswirar ba ta ce ya iso ba. Ta ce in ya iso zai sami masauki. Shekara biyu bayan fitowarta aka same shi a Akra.

Zafi na da nasa lissafin. Sauro ba shi da ɗumin jiki na kansa, yanayi ne ke tuƙa shi. Da sanyi ƙwayar maleriya ba ta nuna a cikinsa, da tsananin zafi shi kansa yake mutuwa kafin ta nuna. Wani bincike na 2022 ya ƙiyasta cewa tsohon sauronmu yana yaɗa cutar tsakanin digiri 19 da 30, baƙon kuwa daga wajen 15 har 37. Wannan tazara ce ke buɗe masa garuruwan tudu masu sanyi a Habasha da Kenya ta gefe guda, da garuruwan Sahel masu zafi ta ɗaya gefen.

Tambaya ta biyu ita ce hanya. Wuri na iya dacewa amma baƙo bai san hanyarsa ba. Jibuti tashar jiragen ruwa ce, ita ce ƙofar kayan Habasha, kuma garuruwan da aka fara ganin sauron a Habasha suna kan hanyar manyan motocin da ke ɗauko kaya daga can. Don haka wasu masu bincike a 2023 suka ɗauki bayanan zirga-zirgar jiragen kaya: wace tasha ce ke karɓar jirgi daga ƙasashen da sauron yake, sau nawa, kuma kwana nawa jirgin ke yi a ruwa, tunda tafiyar da ta fi rayuwar sauro tsawo ba ta kai shi da rai. Lissafin ya sa Sudan da Jibuti a sahun gaba, su ne kuwa waɗanda ya riga ya shiga. Hakan ya sa aka ɗauki sauran jerin da muhimmanci.

Akwai masu cewa iska ma na ɗaukar sauro. A Mali an ɗaure raga mai danƙo a jikin balan-balan aka sake ta sama da dare, aka kama Anofilis a tsayin mita 40 zuwa 290, yawancinsu mata masu jini a ciki. Lissafin da aka wallafa a 2019 ya nuna iska na iya kai su kilomita ɗaruruwa a dare guda. Mu dai a namu ganin, ko wace hanya ce ta fi, wadda ke hannunmu ita ce ta kaya.

Mu faɗi gaskiya, da yawanmu a nan abincinmu a kwantena yake. Muna loda tayoyi, kayan gyaran mota, injina, durorin roba, su bi ta Jebel Ali su sauka Tema, Lome, Kwatano ko Legas. Tarihi ya riga ya nuna abin da taya ke iya yi. Wani ɗan'uwan sauron dengi, wanda ake wa laƙabi da damisar Asiya, a cikin tsofaffin tayoyi ya isa birnin Houston na Amurka a 1985, ya isa Italiya a 1990, aka gan shi a jihar Delta ta Najeriya a 1991. Ƙwan Edis na manne a cikin taya ya bushe, ya yi watanni, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Tayar da ta sha ruwa a filin sito, a juye ta, a goge cikinta, ta bushe a ƙarƙashin rufi kafin a loda. Aikin rabin yini ne.

Tambaya ta uku: in ya zauna, mutum nawa zai kwantar? Wannan lissafi tsoho ne. Ronald Ross, likitan da ya gano ƙwayar maleriya a cikin sauro a Indiya a 1897, shi ne ya fara nuna da alƙaluma cewa ba sai an kashe sauro duka ba. In aka rage yawansa ƙasa da wani mizani, cutar da kanta za ta mutu. A shekarun 1950 George Macdonald ya ƙara wani abu mai muhimmanci: ƙwayar cutar na bukatar kamar kwana 10 zuwa 14 a cikin sauro kafin ta kai ga yawunsa. Sauron da ya mutu yana ɗan kwana bakwai bai cuci kowa ba, ko da ya sha jinin marar lafiya. Shi ya sa gidan sauro mai magani ya fi na banza: ba tarewa kawai yake ba, yana gajarta ran sauron. Da irin wannan lissafi masu bincike a Landan suka ƙiyasta a 2022 cewa maleriya a Habasha na iya ƙaruwa da rabi idan baƙon ya mamaye wuraren da suka dace da shi ba a ƙara wani mataki ba.

Muna girmama waɗannan taswirori, amma mun san gurguntarsu, masu yin su ma sun sani. Ɗigo yana yawa inda masu bincike suka yawaita, ba lalle inda sauro ya yawaita ba. Garin da babu ɗigo a kansa, sau da yawa ba wanda ya je ya duba ne. Sannan tauraron ɗan'adam yana ganin rufin kwano da koren bishiya, ba ya ganin duron da murfinsa ya fashe a bayan madafi. Ba ya sanin cewa famfon unguwa sau biyu yake zuwa a mako, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa kowane gida ke da Polytank da jerin galan masu ruwan ɗorawa. Abin da kwamfuta ta rasa, tsohuwar da ke gidan ta san shi.

Ga misalin da ya fi tsaya mana a rai. A garin Jigjiga na Habasha masu bincike sun bi sauron cikin tsakiyar rani don su ga inda yake ɓuya. Inda suka fi samun tsutsarsa shi ne ramukan ruwa na wuraren gini, waɗanda ake haƙawa don kwaɓa siminti da jiƙa bulo. Daga nan yake sake bazuwa in damina ta zo.

Iyayenmu, wa ke da ginin da bai ƙare ba a gida? Kusan dukanmu. Muna aika kuɗi, a ɗora bulo layi biyar, kuɗi ya yanke, magini ya tafi wani aikin, tankin siminti ya zauna a buɗe da ruwa wata shida har Allah Ya hore na gaba. Tuba, inda aka sami sauron, tana kan hanyar Kasoa ne, yankin da 'yan zango da yawa suka sayi fili. Ba ma cewa tankin wani ne ya haifi sauron. Muna cewa in aka ba kwamfuta hoton ginin da muke yi daga nesa, launin ja za ta shafa masa. Mai gadin da ke kwana a wurin da 'ya'yansa, da maƙwabtan da ba su ci ko sisi daga ginin ba, su ne za su fara shan cizon.

An taɓa korar irin wannan baƙo. A 1930 aka ga sauron maleriya na Afirka a garin Natal na Brazil, ana jin jiragen ruwa masu sauri daga Dakar ne suka kai shi. Aka yi sakaci shekara takwas, sai annobar 1938 ta ci dubban rayuka. Daga nan gwamnati da Gidauniyar Rockefeller, ƙarƙashin Fred Soper, suka raba yankin gunduwa-gunduwa, kowane ma'aikaci da nasa, yana zagaya kowane ruwa duk mako, wani kuma yana bin bayansa yana duba aikinsa. Zuwa ƙarshen 1940 an gama da shi.

Me ya sa duk mako? Domin a yanayin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne. Ruwan da ake zubarwa ko ake sauyawa duk Juma'a ba ya yaye sauro. Ga yadda za ku gane abin da ke cikin ruwanku: ku ɗebo da farin kofi ku tsaya shiru minti ɗaya. Tsutsar da ta kwanta a miƙe a saman ruwa kamar tsinke, ta Anofilis ce. Wadda ta rataye kai ƙasa, wutsiya a sama, ta Edis ce ko ta sauron kwata. Ku koya wa yaran gida wannan, sun fi mu ido. Tankin da ba a iya zubarwa, a yi masa murfin da ya zauna daram, a ɗaure raga a bakin bututun da iska ke shiga. Duron da aka zubar kuma a goge bangonsa da soso, saboda ƙwan Edis a jikin bango yake, ba a cikin ruwan ba.

A nan Al Quoz, ku duba bokitin da ke tarar ruwan na'urar sanyaya ɗaki, faranti a ƙarƙashin tukunyar fure, butocin alwala da aka jingine a bayan masallaci, da tiren bayan firiji. Edis ba ya nisa, yawanci bai wuce mita 400 daga inda aka haife shi ba. In yana cizon ku a ɗaki, uwarsa na kusa. Ruwan da ya fi ƙarfinku, kamar wanda ya kwanta a fili ko bayan sito, ku kira Hukumar Birnin Dubai a 800900.

Sai abin da ya shafi kantarmu. Zazzaɓi mai zafi da ciwon bayan ido da ciwon gaɓoɓi kamar an daka mutum a turmi, a yi zaton dengi, a je a gwada jini. Parasitamol kawai za a sha, irin su Panadol, babba kada ya wuce giram 4 a yini. Brufen, Voltaren da asfirin a ajiye su, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Mun sha karɓe Brufen daga hannun ɗan'uwa a bakin kanta, wani har ya ji haushi, Allah Ya ba shi haƙuri. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da zazzaɓin ya sauka, tsakanin kwana na uku da na bakwai. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, jini a dasashi ko hanci, ko kasala har mutum ba ya iya zama, asibiti ne a daren nan, ba gobe ba.

Masu shirin zuwa gida kuma, kada a ce "ai da sauro muka tashi." Juriyar da jiki ya tara tun yarinta tana zagwanyewa bayan 'yan shekaru a ƙasar da babu maleriya, yaran da aka haifa a nan kuwa ba su da ita ko kaɗan. A ga likita kafin tafiya. Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin a tashi, a ci gaba har kwana bakwai bayan an dawo. Doksisaiklin sai an ƙara mako huɗu bayan dawowa, kuma ba na mai ciki ba ne, ba na yaro ƙasa da shekara takwas ba. Da can mukan ce wa wanda zai yi hutunsa a cikin Akra da rani haɗarinsa kaɗan ne. Mun daina faɗin haka. In zazzaɓi ya kama ku bayan dawowa, ko da wata uku ne, kalmar farko ga likita ita ce ƙasar da kuka je da ranar da kuka dawo, domin likitan da ba ya ganin maleriya kullum ba zai neme ta ba sai an tuna masa.

Idan za ku buga waya gida wannan makon ku tambayi inda gini ya tsaya, ku ce wa mai lura da wurin ya ɗauki hoton cikin tankin ya turo ta WhatsApp. In da ruwa kuma ba aiki a watan nan, a kwashe shi a ba maƙwabta su yi wanki, a rufe bakin da kwano a danne da bulo.